Marsandi ta manta da mai mota na huɗu

Duk wanda ya taɓa rufe ƙofar tsohuwar Marsandi, samfurin nan W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, zai tuna cewa ba a buga ta da ƙarfi. Turawa kaɗan ake yi, nauyinta ya ƙarasa sauran aikin, ta shige mazauninta da wata ƙara mai zurfi kamar an rufe akwatin ajiyar kuɗi, ba kwaramniya, ba girgizar gilashi. An ƙera motocin nan kimanin miliyan 2.7, kuma da yawansu, bayan sun gama hidimar likitoci da lauyoyi a Jamus, sun gangaro sun yi shekaru suna aikin haya a Maroko da Lebanon da sassan Afirka ta Yamma. A gidan tarihin kamfanin da ke Stuttgart akwai wata 240D ta 1976, daga samfurin da ya gabaci wannan, wadda wani direban tasi na birnin Thessaloniki a ƙasar Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da ita kafin ya miƙa ta ga kamfanin a 2004.

Ra'ayina shi ne, abin da ya ɗaukaka sunan Mercedes-Benz a duniya ba kujerun fata ba ne, ba kuma katakon da aka goge a gaban direba ba. Wani alkawari ne da ba a rubuta shi a takardar ciniki ba, cewa motar za ta yi wa wanda ya saye ta sabuwa hidima, ta yi wa na biyu, ta yi wa na uku, har ta isa hannun na huɗu a wata ƙasa mai zafi da ƙura tana nan da sauran ƙarfinta. Wannan alkawari ne kamfanin ya yi shekara talatin yana warwarewa sannu a hankali, alhali tauraron da ke gaban motar kullum ƙara girma da ƙyalli yake yi.

A zamanin da ake magana, injiniyoyi ne masu faɗa a ji a Stuttgart, hedikwatar kamfanin a Jamus. Su suke ƙera motar yadda suka ga ta dace, daga baya masu lissafi su tara abin da aka kashe su ɗora riba, mai saye kuma ya biya ko ya nemi wata. Daga wannan tsari aka samu Béla Barényi, wanda ya ƙirƙiro dabarar barin gaban mota da bayanta su lotsa a haɗari domin ɗakin da mutane suke ciki ya tsira, dabarar da aka fara amfani da ita a 1959. Daga nan ne kuma burkin da ba ya ƙame taya ya fito a 1978 tare da haɗin gwiwar kamfanin Bosch, sannan jakar iska ta sitiyari ta biyo baya a farkon shekarun 1980. Amma abin da ya fi nuna mini halin mutanen nan ƙaramin abu ne, wato waifar W124, motar da 'yan Najeriya suka laƙaba wa suna V-boot saboda yankan murfin bayanta. Waifa ɗaya ce tal, sai dai an saka wani ɗan inji a gindinta wanda yake miƙa hannunta idan ta doshi kusurwar gilashi ta sama, ya janye shi idan ta zo tsakiya, ya sake miƙa shi a ɗaya kusurwar, ta yadda take share kashi 86 cikin ɗari na gilashin. Babu wanda ya taɓa shiga shagon sayar da mota ya ce sai an ba shi irin wannan waifa. Wasu mutane ne kawai suka ga kusurwar gilashi tana zama da ruwa, abin ya hana su barci, kuma kamfanin ya ba su kuɗi da lokaci su magance shi.

Abin da ya girgiza wannan tsari daga Japan ya zo. A 1989 Toyota ta fito da Lexus LS400, mota mai shiru da santsi da ƙarko, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na manyan motocin Jamus, Amurkawa kuwa suka yi mata rububi. Amsar Marsandi ita ce W140 ta 1991, ƙatuwar mota mai gilashi ninki biyu, wadda ta ci kuɗi mai yawa wajen ƙira, ta kuma fito a lokacin da tattalin arzikin duniya ya ja baya. A 1993 Helmut Werner, wanda ya karɓi ragamar sashen motoci, ya bayyana cewa motocin kamfanin sun wuce kima wajen aikin injiniya, kuma daga yanzu kasuwa ce za ta yanke farashi tukuna, sannan injiniya ya ƙera abin da zai shiga cikin wannan farashi. A ilimin kasuwanci maganar ba ta da aibu, kusan kowane kamfani haka yake yi. Sai dai Marsandi ba da zama kamar kowa ta yi suna ba.

Sakamakon bai jima ba ya bayyana. W210 da ta gaji V-boot a 1995 ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, abin da a da ba a haɗa shi da sunan kamfanin. A 1997 ƙaramar A-Class ta kife a hannun 'yan jaridar Suwidin a gwajin kauce wa dabba a kan titi, har aka dakatar da sayar da ita aka koma aka gyara. Shekara guda bayan haka Jürgen Schrempp, shugaban kamfanin na lokacin, ya haɗe shi da Chrysler ta Amurka, auren da ya cinye kuɗi da hankalin shugabanni na tsawon shekara tara kafin a rabu a 2007 da asara mai yawa. A tsakiyar wannan, a 2005, sai da aka kira motoci miliyan 1.3 su dawo gyara saboda matsalolin lantarki da na burki. Daga bisani aka shiga liƙa tauraro a kan ƙirar wasu: motar ɗaukar kaya Citan asalinta Renault Kangoo ce, a-kori-kura X-Class kuwa Nissan Navara ce aka sauya wa fuska, kuma masu saye sun gane, shi ya sa ba ta wuce daga 2017 zuwa 2020 ba aka daina ƙera ta.

Gaskiya ne cewa bayan wannan ruɗani inganci ya ɗan farfaɗo, kamfanin ya kuma dawo da tsohon takensa na "mafi kyau ko babu" a 2010. Amma a ƙarƙashin Ola Källenius, wanda ya hau shugabanci a 2019, ma'anar alfarma kanta ce aka sauya. EQS, babbar motar lantarki da aka fitar a 2021, an siffanta ta domin ta ratsa iska fiye da kowace mota a kasuwa, kuma ta yi hakan, sai dai ta fito kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ba ta da kwarjinin da mutum zai hango daga nesa ya gyara tsayuwa. A cikinta an shimfiɗa allon gilashi mai faɗin santimita 141 daga wannan ƙofa zuwa waccan, shi ne kuma abin da aka fi tallatawa. Matsalar allo ita ce tsufansa irin na wayar hannu ne. Agogon gudu mai allura na 1985 har yau yana da kyau a ido, allon da ya burge mutane a 2021 kuwa nan da shekara goma zai zama abin dariya, kuma kamfanonin Chana da ba su kai shekara goma sha biyar da kafuwa ba suna saka wanda ya fi shi sauri a motar da ba ta kai rabin kuɗin ba. Kamfanin da ya gaji Carl Benz da takardar ƙirƙirar motarsa ta farko ta 1886 ya zaɓi yin kokawa a filin da tarihinsa ba ya ƙara masa komai.

Abin da ya fi wannan muni shi ne hayar abin da mutum ya riga ya saya. A Jamus an sayar da EQS da tayoyin baya masu iya karkata har digiri 10 domin sauƙin juyawa, amma aka ƙayyade su a digiri 4.5, sai wanda ya biya kuɗin shekara ake buɗe masa sauran ta intanet. A Amurka, a 2022, an nemi dala 1,200 a shekara domin a sakar wa wasu motocin lantarkin ƙarin ƙarfin da injinsu yake da shi tun daga masana'anta. A nan injiniya ya yi aikinsa cikakke, wani ne ya biyo bayansa ya ɗaure aikin da igiya ya zauna yana jiran kuɗin kwancewa. Tsakanin mutumin da ya ƙera waifar V-boot da mutumin da ya ƙirƙiro wannan haraji akwai tazarar da ta fi ta shekaru.

Ko sashen AMG, mai ƙera motocin gudu na kamfanin, da ke Affalterbach, inda ma'aikaci ɗaya yake haɗa inji ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ya liƙa sunansa a kai, bai tsira ba. A 2022 aka cire injin silinda takwas daga C63, aka maye gurbinsa da mai silinda huɗu haɗe da batir. A takarda ƙarfin ya ƙaru zuwa doki 680, amma nauyin motar ya haura tan biyu, rurin da ake sayenta dominsa ya tafi, masu saye da yawa kuma suka juya baya.

Masu kare kamfanin suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba su da su. Marsandin yau ta fi W123 kare rai nesa ba kusa ba, ta fi ta ƙarancin shan mai, kuma hayaƙin tsohuwar 240D ba abin da birni mai tsafta zai yarda da shi ba ne. Dokar Tarayyar Turai da ta ƙayyade hayaƙin motocin kowane kamfani a matsakaicin giram 95 a kilomita daga 2020 zuwa 2024 ita ta tilasta ƙananan injuna da batura, ba son rai kaɗai ba. Akwai kuma yaudarar tunawa da da: tsofaffin motocin da muke gani yau waɗanda suka tsira ne, waɗanda suka ruɓe ba sa nan balle su ba da shaida, kuma ko V-boot ta farkon shekarun 1990 tana da wayoyin da rigarsu take marmashewa da zafin inji. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da doka a kan abin da doka ba ta ce ba. Babu dokar da ta ce a cire sandar auna baƙin mai daga wasu injuna a bar direba da abin da kwamfuta ta faɗa masa, ko a sayar da karkatar taya shekara-shekara, ko a zuba ƙananan taurari masu haske 142 a fuskar sabuwar CLA. Game da hayaƙin kuwa, kamfanin da kansa ya biya tarar Yuro miliyan 870 a Stuttgart a 2019 kan motocin dizal, don haka ba shi ne zai yi wa kowa wa'azi ba.

Tushen lamarin, a ganina, yana ga wanda ake ƙera motar dominsa. Kusan kashi biyu cikin uku na sababbin motocin da ake yi wa rajista a Jamus na kamfanoni ne da 'yan kasuwa, kuma galibi bayan shekara uku ko huɗu ake mayar da su a karɓi sababbi. Mai irin wannan mota bai damu da abin da zai same ta a shekara ta goma sha biyu ba. Wanda ya damu shi ne wanda zai saye ta 'yar Kwatano a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, da bakaniken da zai buɗe bonet ɗinta a ƙarƙashin inuwar darbejiya. Tsohon injin dizal na Marsandi famfon mansa na ƙarfe ne, da sufana da kunne ake daidaita shi, kuma abin da ya lalace ana samunsa a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Shi ya sa manyan motocin 911 masu guntun hanci, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Inugu, suka yi shekaru suna jigilar hatsi da shanu tsakanin Arewa da Kudu. Marsandin yanzu kuwa, tun daga S-Class ta 1998 mai shokozoba na iska, wadda aka san ta da durƙushewa idan jakar iskar ta tsufa, gyaranta yana neman kwamfuta ta musamman da kayan da kuɗinsu kan kusanci darajar motar. Ba mamaki da attajiri da ɗan siyasa a ƙasar nan, idan tafiya ta yi nisa kuma hanya ba ta da tabbas, Land Cruiser ko Lexus suke shiga. Kujerar da Marsandi ta tashi a kai, Toyota ce ta zauna.

Akwai alamun cewa a Stuttgart an fara jin jiki. A Fabrairun 2024 kamfanin ya janye daga burin da ya sanar a 2021 na komawa lantarki zalla zuwa 2030, cinikinsa a Chana, kasuwarsa mafi girma, ya ragu, kuma an fara mayar da maɓallai na gaske kan sitiyari bayan shekarun da aka yi ana tilasta wa direba shafa gilashi yana tuƙi. Waɗannan gyare-gyare ne na fuska, ba su taɓa tambayar ko wane ne yake da magana ta ƙarshe tsakanin injiniya da mai lissafin riba ba. Abin lura shi ne, motar da kamfanin ya fi samun masu layin jiranta, suna biyan duk abin da aka yanka musu, ita ce G-Class, wadda aka fara ƙerawa a 1979 a Graz ta ƙasar Ostiriya domin aikin soja da daji. Lokacin da aka sabunta ta gaba ɗaya a 2018, an sauya kusan komai a jikinta, amma aka bar mariƙin ƙofar yadda yake, aka kuma tabbatar ƙofar tana rufuwa da irin ƙarar da take yi tun farko.