Idan za ka kai ɗanka Istanbul a hutun Afrilu, bar shi ya ja ragamar tafiyar

Da an yi hutun zango na biyu, wajejen watan Afrilu, iyaye masu ɗan hali kan fara lissafin inda za su leƙa da yara. Lokacin ya dace ta fuskoki da dama. Tun daga 2025 azumi yana ƙarewa kafin Afrilu ya kama, aikin Hajji kuma da ɗan saura. Nan gida zafi ya kai intaha, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ana haura digiri 40 da rana tsaka. A Istanbul kuwa, a wannan watan sai da rigar sanyi ake fita da safe, da rana ma yanayin bai cika wuce digiri 16 ko 17 ba, ga yayyafi jefi-jefi, ga furannin tulip sun cika lambunan Gulhane da Emirgan. Tafiyar awa 6 da ɗoriya ce daga Abuja. Ba mamaki birnin ya shiga ran mutanenmu.

Maganata a yau a kan tafiya iri guda ce: uba da ɗansa mai shekara 14 zuwa 17, su biyu rak. Ra'ayina shi ne, uban da ya zauna shi kaɗai ya tsara komai, daga otal har abin da za a ci da dare, sannan ya ce wa yaron "shirya kayanka, jibi za mu tafi", ya kashe kuɗinsa ne a kan rabin amfani. Ya kamata a damƙa wa yaron wani yanki na tafiyar a hannunsa tun ana gida, a kuma jure kallonsa yana kuskure a can.

Dalilin yana cikin yadda gidajenmu suke. Tsakanin Bahaushe da ɗansa namiji akwai wata tazara da muka gada, musamman in ɗan fari ne, ko wanda ya ci sunan kakansa har ake sakaya shi da Abba ko Baffa. Yaro ya shigo ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, a tambaye shi karatu, a tambaye shi ko ya yi sallah, ya ce "lafiya lau, Baba", ya tashi. Wannan ladabi ne, kuma ba na cikin masu cewa a watsar da shi. Amma a shekarun da murya ke buɗewa, gemu ke tsirowa, abokai da waya ke cika masa kunne, ladabin nan kaɗai ba ya gaya wa uba abin da ɗansa yake ciki. Kuma ba a gyara wannan da kiran yaro falo a ce "zauna mu yi magana". Da ya ji haka ya san ko dai ya yi laifi, ko ana shirin yi masa wa'azi, sai ya sunkuyar da kai ya kulle bakinsa.

Samari sun fi sakin baki idan ba a zuba musu ido ba, idan ana tafe kafaɗa da kafaɗa ana kallon wani abu daban. A nan Istanbul ta yi wa birane da yawa zarra. Ku shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy, tafiyar kamar minti 20 daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya. Ku hau sama ku zauna a bencin waje. Iska tana kaɗa hula, mai shayi yana zagayawa da faranti cike da 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, fasinjoji suna gutsurar simit, burodin nan mai zagaye da aka barbaɗe da riɗi, suna cilla wa tsuntsayen teku suna cafewa tun bai faɗa ruwa ba. A baya ga hasumiyoyin masallatai suna ja da baya. Ba mai kallon fuskar wani. A irin wannan zaman ne yaron da ya shekara bai haɗa jimla uku da mahaifinsa ba zai ce, "Baba, ni fa ba na jin zan iya karatun likitan nan." Uban da ya ɗauki hayar mota da direba da ɗan jagora mai zuba bayani tun safe har dare ba zai taɓa jin wannan maganar ba, don bai bar mata gurbi ba.

Saboda haka abu na farko da za a miƙa wa yaron shi ne hanya. Istanbul tana da mutane sama da miliyan 15, cunkoson motocinta kuma sananne ne, amma kati guda da ake kira Istanbulkart yana shigar da mutum bas, da jirgin fito, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da tiram, wato jirgin da ke bin tsakiyar titi. Layin tiram na T1 kaɗai ya ratsa Laleli da babbar kasuwar nan mai rufi da Sultanahmet da Eminonu. A bar katin a aljihun yaron. Shi zai tsaya gaban na'ura ya loda kuɗi, shi zai duba taswira a waya ya ce ga tashar da za a sauka. Wayar da ake ta faɗa da shi a kanta a gida, a nan ta zama kayan aiki, kuma gaskiya ya fi uban iya sarrafa ta.

Zai yi kuskure. Za ku hau jirgin da ya nufi Bagcilar alhali Kabatas za ku. A nan ake gane uban da ya fahimci abin da ya kawo shi. In ka ce, "Ai na san za a rina, kawo wayar nan," ka gama rufe ƙofar, daga ranar zai koma bin ka a baya hannu cikin aljihu. In kuwa ka ce, "To Abba, yanzu yaya za mu yi?" ka yi shiru, za ka ga ya ɗan yi gumi, ya ce a sauka a tsallaka ɗaya gefen. Asarar minti goma ce.

Sai batun Laleli, wanda dole in faɗe shi ko da wasu abokaina 'yan kasuwa za su ji haushi. Da yawa cikin mutanenmu sun san Istanbul ne ta unguwar nan ta 'yan sari, inda ake sayen kwat da takalma da jallabiyoyi a kai wa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida. Sai mutum ya ga tunda zai je sari, bari ya ɗauki yaron, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne yaron ya wuni a kujerar shago yana gadin ledoji, uban yana ciniki da kalkuleta. Koya wa ɗa kasuwanci abu ne mai kyau, kuma da shi aka san mu. Amma a kira abin da sunansa. In sari aka je, a ware masa kwana ɗaya, a sa yaron ya riƙe littafin lissafi, ya ga yadda ake taya kaya da yadda ake auna kilo. Sauran kwanakin kuma kada a ƙara taka ƙafa can.

Wuraren tarihi fa? Kuskuren da aka fi yi shi ne jera su kamar darasin aji. Matashi ba ya iya shiga masallatai biyar da gidajen tarihi uku a wuni ɗaya, babba ma ƙarfin hali yake yi. Babban wuri ɗaya a rana ya isa, kuma a fara da labari kafin gini. Labarin 1453 ba ya buƙatar a yi masa ado. Sarkin Turkawa Muhammad na Biyu yana da shekara 21 ya yi wa birnin ƙawanya a farkon Afrilu. Rumawa sun gitta ƙatuwar sarƙa a bakin mashigin ruwan da ke gefen birnin don kada jirage su shiga, sai ya sa aka ja jiragensa ta kan tudu a bisa gumagumai aka zuba su bayan sarƙar. Ranar 29 ga Mayu birnin ya faɗi. A ba yaron aikin karanto wannan tun kafin a tashi, ya zama shi zai ba uban labari a gindin ganuwar, wadda har yau wani ɓangarenta yana tsaye. Daga nan in ya shiga Aya Sofiya, ginin da aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ya koma masallaci, ya zama gidan tarihi a 1934, ya sake komawa masallaci a 2020, zai san abin da yake kallo. Tun Janairun 2024 masu yawon buɗe ido na biyan Yuro 25 don hawa benen sama, sai a sa wannan cikin lissafi.

Akwai wurare biyu da nake ganin uba ne ya kamata ya zaɓa da kansa, ko yaro ya so ko bai so ba. Na farko unguwar Eyup, inda kabarin da ake dangantawa da Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa lokacin hijira. Yaron da ya karanta Sira a Islamiyya zai yi mamakin yadda mutumin Madina ya zo ya rasu a bakin wannan birnin. Na biyu fadar Topkapi, da ɗakin da aka adana kayan tarihin Musulunci da aka kawo bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. A wannan fadar ce kuma sarakunan suka zauna lokacin da Mai Idris Alooma na Borno ya aika manzanni wurin Sarki Murad na Uku a shekarun 1570. Yaron da ya taso yana ganin kamar tarihin duniya ya bi ta gefenmu ya wuce, yana da kyau ya ji cewa jakadun Borno sun tsallake Sahara sun iso nan shekaru fiye da 400 da suka shige. A lura dai, Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwa kuma ranar Lahadi, sannan 23 ga Afrilu ranar hutu ce ta yara a duk faɗin Turkiyya, ko'ina cike yake.

In uba ya zaɓi nasa, adalci shi ne ya bi yaron zuwa nasa ba tare da tsaki ba. Kusan tabbas ƙwallo ce. Jay-Jay Okocha ya buga wa Fenerbahce daga 1996 zuwa 1998, Ahmed Musa ya taka leda a Fatih Karagumruk, Victor Osimhen kuma ya zo Galatasaray a 2024 ya fi kowa zura ƙwallo a kakarsa ta farko, har suka ɗauki kofin gasar. Ɗan Najeriya ba baƙo ba ne a bakin masu kallon ƙwallon birnin, direban tasi ma da ya ji daga inda kuke sunan da zai fara kira ke nan. A Afrilu ana cikin gasa, sai dai tikitin wasa ana sayensa ne ta wani tsarin intanet, wanda ke buƙatar rajista tun da wuri. Wannan ma aikin yaron ne. In tikiti ya gagara, a kalli wasan a gidan shayin unguwa tare da 'yan gari.

Na san abin da wani zai ce: ana wannan tsadar rayuwa, Naira ta zube, wa yake da kuɗin yawo? Maganar tana kan hanya, kuma ba na ba kowa shawarar ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta don hoto a bakin teku. Amma abin da nake faɗi bai rataya a kan Turkiyya ba. Uban da ya ɗauki ɗansa a jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja, ko ya kai shi Jos inda zafin Afrilu ke da sauƙi, ya ba shi kuɗin kwana uku ya ce "kai ne ma'aji", ya yi abin da nake nufi. Wanda kuwa ya riga ya yanke zai kashe kuɗin tikitin ƙasar waje, shi ya fi kowa buƙatar ya tabbatar bai kashe su a banza ba. Ya ba yaron kuɗin Lira na abincin rana da sufuri kullum da safe. Ranar da ya ƙarar da su a kan rigar ƙwallo tun kafin azahar, simit da shayi za a ci, uban ma har da shi.

Wani kuma zai ce baƙon gari ne, ba a jin yarensu, ina dalilin sake wa yaro? Ai ba cewa aka yi a bar shi ya fita shi kaɗai da dare ba. Kana gefensa. Birnin yana da 'yan damfara kamar kowane babban birni: mai gyaran takalmin da zai yar da buroshinsa a gabanka don ka tsinta ya maƙale maka, da mai tasin da zai ce mitarsa ta lalace, da 'yan sane a cikin tiram in an cika. Gara ya fara ganin waɗannan kana kusa, da ya gamu da su shi kaɗai ranar da ya tafi jami'a a wani gari. A saka katin otal a aljihunsa, a kuma yi yarjejeniya tun ranar farko: in ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak.

Abu biyu ne kawai za su sa in ce a fasa ko a ɗaga. In yaron yana ajin ƙarshe na sakandare, Afrilu ba nasa ba ne, JAMB da WAEC suna bakin ƙofa. Sai kuma takardu. Neman biza yana cin makonni, kuma yaron da bai kai 18 ba in zai fita da mahaifi kaɗai, akan nemi takardar haihuwarsa da rubutacciyar amincewar mahaifiyarsa. Wanda yake son tafiya a Afrilu, tun Janairu ya kamata ya zaunar da uwar ɗan su yi maganar, ya duba ko fasfo ɗin yaron yana da sauran aƙalla wata shida, sannan ya kira shi ya ce ya kawo jerin wurare biyar da yake son gani, da kuɗin shiga kowanne.