Gilashin Alhaji Ba Ya Mantuwa

Alhaji ya iso teburin mai shayi bayan sallar isha'i da baƙin gilashi a fuskarsa, ya ci karo da benci har sau biyu, amma ya ƙi cirewa.

"Alhaji, ciwon ido ne ya kama ka?" in ji Mai Shayi.

"Ciwon ido ya kama maƙiyana. Wannan Ray-Ban ne na kamfanin Meta, masu Facebook, daga Dubai na zo da shi, kuma akwai kyamara a jikinsa. Tun da safe nake ɗaukar duk wanda na haɗu da shi, domin jikokina su san irin rayuwar da kakansu ya yi."

Malam Liman ya yi maza ya rufe kofinsa da hannu, kamar shayin ne zai ji kunya.

"Alhaji, ka nemi izininmu kuwa? Jiya a maƙabarta na ga ɗan farin haske yana ƙyaftawa a gefen idonka muna tsakiyar binne mutum."

"Allah gafarta Malam, ai wannan hasken shi ne neman izinin. Turawa sun sa shi ne don mutum ya san ana ɗaukarsa, wanda bai gani ba kuwa sai ya tuhumi idonsa."

Da ma mutanenmu ko mota ce ta kife, sai an gama ɗaukar bidiyo kafin a tuna akwai direba a ciki, don haka babu wanda ya yi mamaki sosai.

Ɗan Boko ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, Google ya fito da irinsa a 2013, wasu gidajen abinci da na sinima a Amurka suka hana shiga da shi, a 2015 kamfanin ya daina sayar wa jama'a. Mu ma nan Najeriya muna da dokar kare bayanan mutane tun 2023."

"Yaro, boko bai saya maka ko gilashin roba ba. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara. Ni rayuwata a fili take kamar tafin hannu, kuma wannan gilashi ba ya mantuwa, ba ya ƙarya, ba ya karɓar cin hanci."

"Madalla," in ji Mai Shayi, ya ajiye ludayi. "A dubo mana daren Talata, ƙwai huɗu da rabin burodi da shayi mai kauri, ka ce za ka aiko yaro."

"Daren Talata batirinsa ya mutu."

"Da na Laraba fa?"

"Laraba yana caji."

Ɗan Boko ya tambaya cikin ladabi, "Amma Alhaji, tunda ƙaramar waya mai tocila kake riƙewa, wace waya aka haɗa shi da ita da hotunan suke sauka?"

"Ɗana ne ya haɗa shi da babbar wayar gida, wadda ke hannun Hajiya."

Malam Liman ya yi gyaran murya. "To, ɗazu da la'asar ba kai na hango a zauren bazawarar nan ta bayan masallaci ba, da ledar tsire a hannunka, hasken nan yana ƙyaftawa?"

Alhaji ya cire gilashin a hankali, ya naɗe shi a cikin hularsa, ya dubi Ɗan Boko.

"Ɗan'uwana, wannan dokar ta 2023 da ka ambata, tana kare magidanci daga matarsa?"

Ƙaramar wayar ta fara ruri a aljihunsa.