Turancin wata uku ba zai riƙe yaro a sakandare ba

Da zarar makarantu sun kusa tafiya dogon hutu, sai tallace-tallace su cika zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda. Wai a kawo yaro, cikin wata uku zai iya Turanci. Ga hoton wani yaro yana murmushi gaban kwamfuta, ga farashi da riyal, ga ragi ga wanda ya kawo 'ya'ya biyu. Waɗanda suka fi rububin waɗannan ma'ahadai, wato cibiyoyin koyar da Turanci, kuwa su ne iyayen da suka riga suka yanke shawara: yaro yana gama mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, za a ɗaga da shi, ya je ya yi sakandare a wata ƙasa. Ni dai a ganina, abin da ake sayarwa cikin wata ukun nan daban, abin da ajin da yaron zai shiga yake nema daban. Wanda ya haɗa su ya zama abu ɗaya, ɗansa ne zai ji a jika.

Ba zan ga laifin iyaye ba a kan gaggawar. Kowa ya san abin da ya kore mu. Tun Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a Saudiyya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo, wato takardar izinin zamansa, riyal 100 a wata. Aka riƙa ƙara ɗari duk shekara har ya kai 400 a 2020. Yaro ɗaya ke nan riyal 4,800 a shekara, tun ba a zo maganar haya da cefane ba. Mai 'ya'ya biyar ya yi lissafi da kansa. Ga kuma jami'a: guraben baƙi a jami'o'in gwamnati kaɗan ne, masu zaman kansu kuma sai mai ƙumbar susa. To uban da ya hango cewa ƙarshenta dai sai yaro ya fita, ba mamaki ya ce gara ya fita tun yanzu. Mafi yawa gida ake mayar da su, Kano, Kaduna, Abuja, wasu Kumasi ko Akara. 'Yan kaɗan da Allah ya hore wa suna hangen Ingila ko Amurka ko Malesiya. Duk inda aka nufa a cikin waɗannan, da Turanci za a tare shi.

Me yaron yake da shi a hannu? Ya yi shekara tara a makarantar gwamnati, shida a ibtida'iyya, wato firamare, uku a mutawassiɗa. Lissafi da Larabci aka koya masa, kimiyya da Larabci, tarihi da Larabci. Turanci darasi ne guda cikin darussa, ana shiga ana fita. Sai a 2021 ne ma aka fara koyar da shi daga aji ɗaya na ibtida'iyya, waɗanda suka riga wannan tsari daga aji huɗu suka soma. Sauran Turancinsa a waya ya tsinta, a YouTube da wasannin da yake bugawa da yaran wasu ƙasashe. Kuma wannan Turancin wayar shi ne yake ruɗar mu. Ka ji yaro yana sakin magana da karin harshen Amurkawa, uba yana zaune yana washe baki, ya juyo ya ce maka, "Malam, ai wannan ya wuce wurin, ɗan gogewa kawai ya rage." Sai ka miƙa wa yaron littafin kimiyyar halittu na aji ɗaya na babbar sakandare, ka ce ya karanta shafi guda ya gaya maka abin da aka ce. Nan za ka ga yatsa yana bin layi a hankali, baki yana motsi, ya kai ƙarshen sakin layi bai riƙe farkonsa ba.

Ba daƙiƙanci ba ne, kuma ba a kanmu aka fara ba. Wani masani a Jami'ar Toronto ta Kanada, Jim Cummins, tun 1979 ya raba harshen hira da harshen karatu. Da ya bi sakamakon 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa Kanada, sai ya ga yaro kan iya hira da tsaransa cikin kamar shekara biyu, amma kafin ya kamo 'yan ƙasa a harshen da ake karatu da jarrabawa da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Lura fa, waɗannan yara ne da suke zaune a ƙasar Turanci, suna jin sa safe da yamma. Mu kuma muna son a yi mana shi tsakanin Yuni da Agusta, awa biyu bayan la'asar.

Abin da ya fi ba ni tausayi ma lissafi ne, domin nan ne iyaye suke sakin jiki, wai lissafi ba ruwansa da harshe. Ku ɗauko littafin lissafin ɗanku na mutawassiɗa ku duba. Daga dama ake warware shi zuwa hagu. Inda littafin Turanci zai sa x da y, shi haruffan Larabci sinun da sadi ya sani. Biyar ɗinsa zagaye ce, wadda a can sifili ce. Shidansa ta yi kama da bakwai ɗinsu. Sifilinsa ɗigo ne, a can kuwa ɗigo shi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta. Na zauna da wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ba a raba ta da na ɗaya ko na biyu a ajinsu, na ba ta tambayar da ta san hanyarta sarai. Sai na ga ta ja takarda gefe, ta juya tambayar gaba ɗaya zuwa Larabci, ta warware, sannan ta sake kwafe amsar daga hagu. Amsa ta fito daidai. Amma ta cinye ninkin lokacin da za a ba ta a ɗakin jarrabawa, kuma mai tsaron jarrabawa ba zai jira ta ba. Wannan fa tambayar lambobi ce zalla. Idan aka zo irin wadda ake ba da labari, ɗan kasuwa ya sayi kaza ya sayar da ribar kaza, to kalma ɗaya da ba ta gane ba ta isa ta rushe komai. Wane ma'ahadin hira ne yake taɓa wannan?

Haka rubutu. Hannun da ya saba da Larabci yakan haɗiye wasula, domin a Larabci ba a cika rubuta gajerun ba. Babban baƙi da ƙaramin baƙi baƙon abu ne a wurinsa. Jimla kuma sai ya ja ta layi biyar, yana ta haɗawa da "da" da "sai", ba aya ba waƙafi. Wannan ba ya gyaruwa da sauraro, sai an yi ta rubutawa, wani yana bi da jan biro.

Yanzu mu dubi abin da yake jiran sa. Idan Najeriya ce, shekara uku kacal ke tsakaninsa da WAEC ko NECO, kuma duk wanda ya san gida ya san yadda rashin kiredit a Turanci yake zaunar da yara. A takardar Turanci ta WAEC ana son insha'i mai kalma kusan 450, ga karanta nassi a amsa tambayoyi, ga taƙaitawa, ga ɓangaren furuci. Bayan nan JAMB, inda kowa, ko me zai karanta, sai ya rubuta Turanci. Idan Ingila ce, bizar yara ɗalibai ta makarantu masu zaman kansu ce kawai, karatun GCSE, jarrabawar sakandare ta can, kuma shekara biyu ne a haɗe, daga shekara 14 zuwa 16, wanda ya shigo a tsakiya ya tarar an yi nisa. Tun Janairun 2025 ma an ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin irin waɗannan makarantu. A Amurka, ɗalibi baƙo ba zai wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma sai ya biya cikakken kuɗinta. Na kawo waɗannan ne don masu jin cewa da zarar an samu biza an gama.

Akwai masu cewa a tura shi kawai, idan ya ji ba kowa sai Turanci dole ya iya, kamar yadda ake jefa yaro a kududdufi ya koyi iyo. Gaskiya ne wasu suna fita. Amma su ne muke jin labarinsu, ana nuna su a biki. Wanda ya yi shiru a bayan aji shekara guda, 'yan aji suna kiran sa Balarabe suna kwaikwayon maganarsa, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba ya ja, wannan ba a kawo labarinsa zaure. Yaron da ya saba ɗaga hannu a Makka, ya wayi gari ba ya iya tambayar ina ne ɗakin shan magani, ba ƙaramin abu ne ya same shi ba. Ga shi a shekarun da kunya ta fi yawa.

Wani kuskuren da nake gani ya fi wannan ciwo. Uba yana yanke shawarar tafiya, sai ya kafa doka a gida: daga yau ba Larabci. A kwashe littattafai, a canza tasha. Haba Alhaji! Abin da yaron nan ya fi tsaransa na can da shi ke nan, shi za ka fara zubarwa? Yaron da ya iya karanta babi ya fitar da manufarsa da Larabci, ya iya tsara hujja, ya san mene ne ƙwayar halitta da yadda jini yake zagaya jiki, ba sabon ilimi zai nema ba, sunayen kawai zai sake. Shi Cummins ɗin ma abin da ya nuna ke nan, ƙarfin harshen farko yana tallafar na biyu. Kuma Larabcin maki ne a hannu: darasi ne a WAEC, akwai shi a GCSE. A Najeriya akwai hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar kammala sakandare ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, akwai makarantu irin SAS, Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda asalinta ya koma 1934. Yaron da ya tashi a Makka zai shiga irin waɗannan da ƙarfinsa, yana gina Turancinsa a gefe. Ban ce kowa ya bi nan ba. Wanda yake son likitanci ko injiniya hanyarsa daban. Amma abin mamaki ne yadda iyaye da yawa ba su ma sa ta a lissafi, kamar wani abin kunya.

Hausa ma kada a manta da ita. Da yawa cikin yaranmu suna ji amma ba sa mayarwa, ko su mayar rabi Hausa rabi Larabci. Wanda za a kai Kano, Turanci a aji zai yi masa aiki. A ɗakin kwana, a wurin mai shayi, a gaban kakarsa, Hausa ce za ta sama masa abokai. Wannan kuma ba sai an biya ko riyal ɗaya ba, Hajiya ce malamar.

To me nake so a yi? A fara da wuri. Idan kun san yaro zai tafi bayan mutawassiɗa, aikin daga aji ɗaya na mutawassiɗa yake farawa, ba daga hutun ƙarshe ba. Kowane wata akwai ɗan uwa mai zuwa Umara. Maimakon yaji da kuka da daddawa kaɗai, a ce ya taho da littattafan lissafi da kimiyya na ƙaramar sakandare, irin waɗanda ake amfani da su a makarantar da ake son kai shi. Duk babin da aka yi masa a makaranta da Larabci, ya zo gida ya nemo ɗan uwansa a littafin Turanci ya karanta. Ya riga ya san abin, don haka hankalinsa zai tafi kan kalmomin. Ya riƙa karanta ƙananan littattafan labari, masu sauƙi tukuna, kullum ko da shafi biyar ne. Ya riƙa rubuta rabin shafi a kan abin da ya gani, a samu wanda zai gyara. Ɗaliban Najeriya da Gana da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko Jami'ar Musulunci ta Madina da yawa sun bi ta WAEC, sun san inda take cizo, kuma suna jin Larabcin da za su yi wa yaro bayani da shi idan ya maƙale.

Sannan a gwada shi gwaji na gaskiya kafin a sayi tikiti. Takardar shaidar da ma'ahadi ya buga da kansa, mai zanen zinare a gefe, ba ta gaya maka komai sai cewa ka biya. Akwai jarrabawowin da aka sani a duniya, irin na Cambridge masu matakai ko TOEFL ta yara, kuma British Council tana da cibiya a Jidda da Riyad. Wanda ba shi da kuɗin wannan, ya nemi makarantar da za a kai yaron ta turo tsofaffin takardun jarrabawarta, a zaunar da shi da agogo.

Idan sakamako ya nuna bai kai ba, a yarda a mayar da shi baya da aji ɗaya. Na san nan ne ake samun tirjiya. Uwa za ta ce ƙanwar mijinta za ta yi dariya, ɗanta ya zauna aji ɗaya da ƙannensa. Uba zai lissafa kuɗin shekara guda. Amma yaron da aka cusa aji ɗaya na babbar sakandare da ƙarfin tsiya, a lokacin da ake raba su kimiyya da fasaha da kasuwanci, ba a kan iyawarsa za a raba shi ba, a kan Turancinsa ne. Mai ƙwaƙwalwar kimiyya sai ya tsinci kansa inda bai nufa ba, kuma fita daga can wuya gare ta. Shekarar da aka ƙi bayarwa a farko, sau da yawa ita ce ake biya biyu a ƙarshe, ana sake zama WAEC.

Ba na cewa a ƙaurace wa ma'ahadai. Suna da amfaninsu, musamman wajen sake wa yaro baki ya daina jin nauyin magana. Amma kafin ka miƙa kuɗinka, ka tambaye su: sau nawa yaro zai yi rubutu a mako, wa zai gyara, kuma za su karanta littafin kimiyya da shi ko kuwa hirar filin jirgi da gidan abinci ce kawai? Idan suka fara nuna maka kwamfutoci da sanyin na'ura maimakon amsa, ka raba kuɗin biyu, rabi ka sayi littattafai, rabi ka ba ɗalibin da zai zauna da shi sau uku a mako har shekara ta zagayo.