Gwangwanin tumatir ba ya gyara boris mai wasa

Idan boris, ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya fara wasa a gidansa, wato ramin ƙarfen da yake zaune a ciki, ko a injin niƙa ko a injin ban ruwa na masu lambun Jiratawa, makanikan Maradi sun san abin yi: a yanki gwangwanin tumatir a cusa a gefe, ko a sa ƙusa a daddaki cikin gidan ya yi ƙuraje, sannan a kora boris da guduma. Inji ya tashi, mai shi ya biya ya tafi. Ba a jimawa ƙurajen sun kwanta, ƙara ta dawo, ka buɗe ka tarar da jar ƙura kamar tsatsa. Ƙarfen gidan ne ke cinyewa, kuma yanzu ramin ya fi na da faɗi.

Ban raina wannan dabara ba, rashin kaya ne ya haife ta. Amma ina ganin lokacinta ya wuce, domin akwai gam da aka yi musamman don wannan aiki. Ruwa ne, galibi kore, wanda ba ya daskarewa muddin iska na taɓa shi. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda iska ba ta kaiwa, sannan ya sandare ya cike duk 'yan ramukan da ido ba ya gani, nauyi ya bazu a kewayen gaba ɗaya. Wani malamin kimiyya a Amurka, Vernon Krieble, ya samar da irinsa a 1953, daga nan aka sami Loctite, wanda kamfanin Henkel na Jamus ya mallaka a 1997.

Gam ɗin Loctite iri-iri ne, kowace lamba da aikinta. Loctite 638 na cike giɓin da bai wuce milimita 0.25 ba, 660 kuwa na kai rabin milimita, shi ya fi dacewa da gidan da ya riga ya ci. In wurin na ɗaukar zafi sosai, 620 ake nema. Sharaɗin shi ne a wanke baƙin mai da giris tas, a bar ƙarfe ya bushe, kuma a ba shi awa 24 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Nan ne gardama take, don mai niƙa da mata ke jiransa da kwanonin hatsi ba ya son jin "sai gobe". Ina fahimtarsa. To amma kwana ɗaya da sayen sabon gida, wanne ya fi ciwo?

Giɓin da ya wuce rabin milimita, a kai wa mai walda da mai feƙe ƙarfe, gam ba zai yi ba. Kuma supagulu da ake sayarwa a tebur ba shi ake nufi ba.

Abin da nake roƙo shi ne makarantar fasaha ta Dan Kasawa da ke Maradi ta riƙa tara iyayen gidan gareji tana nuna musu aikin da hannu, masu sayar da kayan gyara kuma su adana kwalaben nesa da rana, su duba kwanan watan lalacewa kafin su miƙa wa mai saye.