Ni da injin feraye tuffa

Yayata ce ta dawo daga Amurka ta miƙo min wani kwali wai tsarabata, ina buɗewa na ga jan ƙarfe da hannun juyawa kamar na keken ɗinki, da haƙora uku da ake soka tuffa a jiki, da 'yar reza a gefe, ƙasansa kuma roba ce da ke tsotse jikin teburi in an danna wani maƙulli. Ta ce can in kaka ta yi mutane har gona suke zuwa su tsinko tuffa kwando-kwando su yi ta gasa fayi, wato gashin fulawa mai tuffa a ciki, shi ya sa suke da injin. To mu a Kano ba gona ake zuwa ba, 'Yan Lemo ake zuwa, kuma kowacce ɗaya sai aljihu ya ji a jikinsa, amma dai na daure na sayo takwas, koraye masu tsami ɗin nan Granny Smith guda bakwai don su ba sa narkewa a wuta, da ja ɗaya da mai kayan ya cusa min.

Ashe robar nan sai wuri mai santsi take kamawa, ni kuwa teburina na katako ne duk ya sha sara. Juyin farko inji ya yi tsalle, tuffa ta gangara ƙarƙashin firij, autana ya bi ta da gudu ya fito da ita duk yanar gizo, har ya gatsa. Ta biyu na soke ta a karkace, reza ta kwashe rabin tsokar ta bar min ɓawo a ɗaya gefen.

Ta uku ce ta yi kyau wallahi, na sa yaro ya danne ƙasan da hannu biyu na soke daidai ta tsakiya, ɓawo ya dinga fita dogo siriri kamar zare bai tsinke ba, ƙwallon cikin ya fita, tuffar ta yanku zagaye-zagaye kamar sifirin. Nan fa kaina ya kumbura, na je har ɗaki na kira Hajiya surukata ta zo ta ga ikon Allah da aikin Bature. Sai tsautsayi ya sa na ɗauko jar nan, ita kuwa ta yi laushi, haƙoran suka yi ta juyawa a cikinta ita tana tsaye, ruwa na feshin mayafin Hajiya.

Ba ta ce uffan ba, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zaro wuƙarta mai ƙota ɗaure da tsumma, kafin in gama kwance sukurun rezar ta feraye huɗun da suka rage. Ta leƙa kwanon ɓawo ta ce "'yar nan, wannan abin naki ya ƙoshi kuwa? Na ga ya fi ku ci."

Na manta ban matsa lemon tsami ba duk suka yi ja, haka na barbaɗa kirfa da sukari da bota na cusa a obin a kan zafin digiri 180 na minti 45. Da dare maigida ya ci yanka biyu, ya ɗago ya ce, "wai me kika sa wa dankalin nan yau ya yi zaƙi haka?"