Ungozomomi sun gaji da faɗa, Amurka ta toshe kunne

A watan Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta sallami mafi yawan ma'aikatan sashen lafiyar haihuwa na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, har da masu bibiyar halin da mata ke shiga lokacin goyon ciki da jego. Wai tsimin kuɗi ake yi. A 2023, cikin kowace haihuwa dubu 100, baƙaƙen mata 50 ne suka rasu, farare kuwa ba su kai 15 ba. Duk da haka masu sa ido aka ga sun yi yawa.

Da zarar an ta da maganar sai ka ji an ce ai talauci ne, ƙiba ce, hawan jini ne. Wannan kame-kame ne kawai. Alƙaluman CDC ɗin kanta sun nuna cewa baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga haɗarin mutuwa sanadin haihuwa. Wane talauci ne ya taɓa Serena Williams, baƙar fatar nan da ta shahara a wasan tanis? A 2017, washegarin da aka yi mata tiyata aka ciro 'yarta, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san ciwonta, don jini ya taɓa daskare mata a huhu, sai ta ce a yi mata hoton ƙirji a sa mata maganin tsinka jini. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauka maganin kashe zafi ne ke sa ta sambatu. Sai da ta kafe sannan aka yi hoton, ga gudajen jini a huhun.

Abin da ungozomomi baƙaƙe suka daɗe suna faɗa ke nan: mace na cewa kaina zai tsage, idona na ganin dishi-dishi, sai a ce ta koma gida ta huta, alhali alamun jijjiga ne. Ungozomomin nan ne kuma aka kora daga sana'ar. A jihohin kudu tsofaffin ungozomomi baƙaƙe ne ke karɓar haihuwa, har aka yi musu tarnaƙi da dokokin lasisi a ƙarnin da ya wuce, ana kiransu jahilai ƙazamai. Yau kusan haihuwa ɗaya cikin goma ce kawai ke hannun ungozoma.

Masu kawo misalin Ingila, cewa can ma baƙaƙe sun fi mutuwa duk da yawan ungozomomi, ba su ƙara komai ba sai tabbatar da cewa wariyar ta haye teku.

A mai da ma'aikatan nan bakin aikinsu, Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ta biya ungozomomi kuɗi na mutunci, a kuma horar da baƙaƙe masu yawa a sana'ar.