Maharbin da ya bar akuya a kan dutse

Ƴan uwa, wani maƙwabcinmu a nan Anchorage, jihar Alaska ta Amurka, ya dawo daga farautar akuyar dutse hannu rabbana bayan kwana 7. Ya ga nama, har ya saita bindiga, amma hazo ya hana shi tabbatarwa ko bunsuru ne ko akuya, sai ya zare harsashinsa ya sauko. Mutanen unguwa kuwa sai yaba masa suke yi kamar wanda ya kashe zaki. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Dabbar fara ce fat, mai gashi ninki biyu da baƙin ƙaho wuluk, babban bunsuru yakan haura kilo 120. Can sama take zaune inda bishiya ta ƙare, sai dutse da gansakuka da ƙanƙara. Cikin kofatonta kamar roba yake, gefen kuma da ƙarfi, shi ya sa take ratsa bangon dutsen da mutum ba zai iya dafawa ba. Namiji da mace duk suna da ƙaho da gemu, nan wahalar take. Ƙahon bunsuru yana da kaurin gindi, ya fi idonsa faɗi, gindin biyun sun kusa haɗuwa, kuma a hankali yake lanƙwasa tun daga ƙasa. Na akuya siriri ne, da rata a tsakani, a miƙe yake sai kusa da tsini ya karya baya. Bunsuru yakan kaɗaita, kuma idan barbara ta matso a watan Nuwamba za ka ga cinyoyinsa sun yi dauɗa saboda tonon ƙasa. Amma shaidar da ba ta ƙarya ita ce fitsari: bunsuru miƙe ƙafafu yake yi, akuya tsugunawa. Mutum sai ya kwanta sa'o'i cikin sanyi da madubin hangen nesa yana jiran wannan kawai.

Me ya kawo wannan tsanani? Akuyar dutse ba ta haihuwar fari sai ta shekara 4 ko 5, ɗa ɗaya take haifa, ba ma kowace shekara ba. A kashe mata ƙalilan, garken dutse guda ya durƙushe. Don haka doka ta hana harbin akuyar da ɗanta ke biye da ita. A yankin Kenai, wanda ya harbi mace ba zai sake farautar akuya a can ba sai bayan shekara 5. A wasu sassan kudu maso gabashin jihar maki ake lissafawa, bunsuru 1, akuya 2, da zarar makin wuri ya cika an rufe, ko da lokacin farauta da saura. Jami'ai daga jirgin sama suke ƙidaya dabbobin. Tsibirin Kodiak guda 18 aka kai masa a 1952 da 1953, yau dubbai ne.

Tafiyar kanta azaba ce. Idan ƙaramin jirgi ya sauke ka a bakin tafki, ba ka da ikon farauta sai ƙarfe 3 na daren da ya biyo baya, don kada a hango dabba daga sama a sauko a harbe ta. Ka ratsa jiƙaƙƙen kurmi mai ƙaya, sannan ka kama hawa, da tanti da igiya da gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu haƙora na ɗaurawa a takalmi. Ba a sa tufar auduga, domin in ta jiƙe ba ta bushewa, sanyi ya kashe mutum. Ta sama ake tunkarar dabbar, don ƙasa take sa wa ido. Da rana iska hawa take yi, da yamma ta gangaro, wanda ya manta da wannan warinsa zai riga shi isa. Kafin ka taɓa kunama, dubi inda za ta faɗa. In a bakin gaɓa take, ka haƙura, don za ta mirgina ɗaruruwan mita, ƙaho ya karye, nama ya dagargaje, ko ta maƙale inda ba mai isa. Gashin tozo yana ruɗin ido, ga harbi a gangare yana ɗaga harsashi, shi ya sa da yawa suke harbi sama da kafaɗa. Ga musulmi, bisimillah lokacin harbi, in ka iske ta da rai ka yanka. A feɗe nan take, don fatar na riƙe zafi ta ɓata nama. A zare ƙashi, a zuba tsoka a buhunan yadi, wajen kilo 35 zuwa 40, a goya a baya a gangaro kan dutse mai santsi. Ƙaho ba ya barin wurin sai da kayan nama na ƙarshe. Wanda ya bar ko cinyoyi bai ɗauko ba, mafi ƙarancin hukuncinsa kwana 7 a kurkuku da tarar dala 2,500.

A gida kuwa kun san yadda muke yi. A cinna wa daji wuta, a saki karnuka, duk abin da ya tashi a sa masa gora, har gada mai ciki. Ragon dutse a duwatsun Azbin da gadar dutse a Filato sun yi ƙaranci, kuma tun 1963 Arewa take da dokar namun daji a takarda. A nan sun fi mu, ba na jayayya.

Sai dai raina yana ɓaci idan na ji ana magana kamar da tausayin dabba aka haife su. Su ne suka karkashe ɓaunar Amurka daga miliyoyi har ta koma ƴan ɗaruruwa kafin 1890. Sai a 1937 suka ware harajin da ke kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin 100 a yau, ana kula da namun daji da kuɗin. Kuma mai barin akuya a kan dutse ya bar firji cike da nama a gida, namu maharbin tukunyar miya ce ke jiransa. Mu ma muna da tsari: sai an gama girbi ake fita, Sarkin Baka ne ke faɗin rana da dajin da za a shiga, kuma ana jin maganarsa.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba dabbar ba ce. Wannan maƙwabci ya kwana 7 a daji, ba ya tsoron komai sai santsi da hazo da beyar. Wa zai kwana ɗaya a Rugu ko Kamuku yau? Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin firgita. Maharbanmu da suka san sawun kowace dabba, sawun mutane suke bi yanzu. Su ne suka taimaka aka ƙwato Mubi a 2014, da bindigar toka da kwari da baka. Yaron da ya tashi a gefen Rugu a shekarun nan bai san kiɗan fita farauta da asuba ba, kuma babu jami'in da zai shiga ya ƙidaya barewar da ta rage a ciki.